Ranar da Auta Ta Kira Gidan Rediyo

Jama'a, kafin ku yanke min hukunci ku tsaya ku ji ta bakina. Ƙarya ɗaya tak na yi wa Abbanmu a kan mutumin da nake so, ita ma ba ƙarya ce tsagwaronta ba, gaskiya ce na ɗan shafa mata hoda. Ranar da ya tambaye ni, "Shi yaron nan me ya karanta?" sai na sunkuyar da kai na ce, "Harkar katako, Abba." Ya gyaɗa kai ya ce, "Au, injiniya ne ke nan." Ni kuma na yi shiru. To ku faɗa min tsakaninku da Allah, shiru ƙarya ne?

Sai kun san Abbanmu za ku gane dalilina. Tsohon hedimasta ne, shekara talatin da ɗaya yana riƙe da makaranta kafin ya yi ritaya. Bangon falonmu babu hoton kowa, takardun shaidar karatu ne jere cikin firam, har da ta gama nazare ta ƙanwata. Mutum ne da in ka gaishe shi ka yi kuskure a magana, sai ya gyara maka kafin ya amsa. Mu biyu ya haifa. Ni ce babba, shekarata ashirin da huɗu, na gama karatu ina aiki a kantin magani. Sai Auta, sha shida, aji biyar na sakandare, baki kamar reza.

Shi kuwa mutumin nawa kafinta ne. Yana da shagonsa da ma'aikatansa, kujerar da ya ƙera in ka zauna a kai sai an tashe ka. Makaranta kuwa tun yana aji uku ya yi sallama da ita. A wayata Mai Kujera na sa masa. In muna tare miskili ne na ƙarshe, sai ya yi minti goma bai haɗa jimla biyu ba. Amma saƙonninsa, wayyo Allah! Akwai ranar da ya rubuto min: "Yau tun safe nake gogar katako har ya yi santsi, amma na rasa wanda ya kai muryarki laushi." Wallahi a bayan kanta na ɓuya na share hawaye, wata tsohuwa tana ta buga min tebur in ba ta maganin tari.

To ranar Asabar da safe muna falo ana shan shayi. Abba na kan kujerarsa mai ƙafa ɗaya gajera, wadda ya tokare da tsohon ƙamus, rediyo a gefensa. Shirin da ake buɗe layi ne, kuma maganar ranar ita ce wani ƙudiri da ake ta cece-kuce a kai: wai doka ta ba duk wanda ya kai sha shida damar barin sakandare kafin ya gama, in yana da sana'a. Tun kafin mai gabatarwa ya rufe baki Abba ya danna kira. Sun saba da shi, duk sati sai ya kira.

"Hedimasta, barka da safiya, me za ka ce?"

Abba ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar yana gaban taron ɗalibai. "Abin da zan ce shi ne, yaron da ba ya iya tuna inda ya ajiye takalminsa, shi za a ba zaɓin rayuwarsa? Duk wanda ya kawo ƙudirin nan a bincika, na tabbata shi ma bai gama ba."

Ya kashe waya yana murmushi, ya kalli Umma ko za ta yaba. Umma ta ci gaba da shafa bota a burodi.

"Muna da wata a kan layi," in ji mai gabatarwa. "Wa ke magana?"

"Wata ɗaliba ce. Ina so in ba Hedimasta amsa."

Kofin shayin Abba ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Na waiga inda Auta take zama. Wayam. Daga can cikin ɗakinmu kuwa muryar tana fitowa, sai ta rigayi ta rediyon da ɗan kaɗan.

"Da farko dai ni na san inda takalmina yake. Na biyu, malamin kimiyyarmu sau uku muka gan shi a zangon nan. Na uku, yayata ta yi digiri, yanzu ƙwayar magani take zubawa a leda. Wanda za ta aura kuwa a aji uku ya tsaya, kafinta ne, kuma shi yake kai ta aiki a mota. Don haka ni dai ina goyon baya, kuma ranar da aka sa hannu a dokar nan, ni ce ta farko a bakin get."

Mai gabatarwa ya tuntsire da dariya. Abba ya ajiye kofin a hankali, ya kashe rediyo, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya juyo gare ni.

"Injiniyan?"

Na ce, "Abba, ai ni ban ce injiniya ba."

"Aji uku?"

"Ya kusa shiga huɗu, Abba."

Umma ta ƙware da shayi. Aka kira Auta, ta fito da waya a hannu, ko gezau.

"Ke, a gidana, da katin da na sa miki, za ki kira rediyo ki ƙaryata ni?"

"Abba, kai ka ce mutum ya riƙa faɗin ra'ayinsa da hujja. Hujja uku na kawo."

"Wace sana'a gare ki da za ki bar makaranta?"

"Ina da ita."

"Mece ce?"

"Sirrin kasuwanci ne."

Abba ya juya wajen Umma neman agaji. Umma ta ce, "Ni kar ka kalle ni. Ni ma a aji uku na tsaya na kama ɗinki, kuma ka gan ni ka ce kana so."

"Wannan daban!"

"To."

Hukunci ya fito kashi biyu. Na farko, an karɓe wayar Auta an damƙa min in ajiye. Na biyu, gobe bayan la'asar in kawo masa wannan kafintan da ya zama abin koyi a gidansa. In bai iya mayar da yarinyar nan hankalinta ba, to kada ya sake taka ƙofar gidan.

Da rana na shige ɗaki na rufe ƙofa, wayar Auta a cinyata, tawa a hannu. Na rubuta wa Mai Kujera doguwar wasiƙa: asiri ya tonu, Abba na nemansa, ni dai zuciyata kamar ta fito. Na tura. Ko minti ɗaya ba a yi ba, wayar Auta ta yi ɓurr a cinyata.

Ni ba mai leƙen wayar mutane ba ce, Allah ya sani. Idona ne kawai ya faɗa kai. Sai na ga saƙona, nawa na kaina, da duk alamomin kukan da na jera, an turo shi cikin wayar ƙanwata. A ƙasansa saƙon murya. Na danna.

"Salamu alaikum, Mai Kalamai. Ga wani ya shigo, na gaggawa ne. Don Allah a karanta min a taƙaice, sannan a haɗa amsa mai kwantar da hankali. A sa maganar katako, tana so."

Muryarsa ce. Na saurara sau uku, ko za ta canza. Ba ta canza ba.

Na fita na jawo Auta daga kicin da hannu ɗaya, na turo ƙofa.

"Wace ce Mai Kalamai?"

Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta zauna a bakin gado ta ɗora ƙafa kan ƙafa. "Tunda kin gani, shi ke nan. Shafina ne. Ina rubuta wa mutane saƙon soyayya, da na ban haƙuri, da na rabuwa cikin mutunci. Kwastomomina sun fi arba'in. Shi bai san ni ce ba, babu wanda ya sani. Ni ma sai da ya turo hotonki wai in duba in san irin kalaman da za su dace da ke na gane."

"Wato na katakon nan..."

"Ni ce."

"Na ranar haihuwata, mai maganar wata da taurari?"

"Shi ma. Ina jin ki kina karantawa kina shessheƙa, ni ina nan gadon sama. Yaya, ke kanki shaida ce kayana na da kyau."

Na ɗauki filo na maka mata. Wata takwas! Wata takwas ina soyayya da yarinyar da nake wa faɗa a kan ta bar min soso a bahon wanka.

Amma da na huce, abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ba "a rubuta min" kaɗai ya ce ba, har da "a karanta min". Na ɗauki wayar Auta na amsa masa da sunan Mai Kalamai: "Yau ba ma aiki. Rubuta da kanka." Na zauna ina jira. Sai da aka yi minti arba'in sannan tawa ta yi ƙara.

"kiyi hakuri zanzo gobe. karki damu. inasonki"

Babu wata, babu taurari, kalmomin ma a manne da juna kamar an zuba su a buhu. Na daɗe ina kallonsa. Haushi nake so in ji, amma ya ƙi zuwa yadda nake so.

Washegari na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, da farin mayafi, don in fito kamar mai nadama. Auta kuwa da gangan ta sa rigar da aka rubuta wa "Shugaba" a gaba. Ana idar da la'asar ya yi sallama. Ya sha farin yadi da guga har yana ɗaukar ido, gumi na bin wuyansa. Ya durƙusa ya gaida Abba, Abba ya amsa a daƙile ya nuna masa tabarma. Ni da Umma muna bakin ƙofar kicin, Auta a hannun kujera.

Na lura idonsa ya ƙi barin ƙamus ɗin da ke ƙarƙashin kujerar Abba. Na yi ta yi masa alama da ido ya bari. Ina!

"Abba, a gafarce ni, kujerar nan za ta kayar da kai wata rana."

"Shekararta ashirin ba ta kayar da ni ba. Ba gyara na kira ka ba. An ce a aji uku ka tsaya."

"Haka ne."

"Kora aka yi?"

"A'a, ni na tafi. Kullum ni ne na ƙarshe, kullum bulala. Malami na magana, ni ina kallon yadda aka haɗa benci. Rannan na fita tara ban koma ba."

"Ka ji ko, Abba!" in ji Auta. "Ga shi kuma ya zama mutum."

"To yanzu," in ji Abba, "doka ta bar yara su bi sahunka ko kuwa?"

Na rufe ido. In ya ce e, Abba ya kore shi. In ya ce a'a, Auta ta cinye shi ɗanye. Sai ya gyara zama ya fuskanci Abba.

"Abba, ni ban san doka ba. Abin da na sani, da an ɗaure ni a ajin nan shekara uku, da ba a samu ɗalibi ba, ba a samu kafinta ba. Akwai yaran da zaman aji ba ya yi musu komai sai koya musu cewa su daƙiƙai ne. Irinsu a bar su su fita."

Auta ta tafa. Abba ya haɗe rai.

"Amma ban gama ba. Ranar da na fita, babu wanda ya ce min ga hanyar dawowa. Bara wata makaranta ta nemi in yi mata benci ɗari biyu, aka miƙo min takarda shafi huɗu in karanta in sa hannu. Na ce na manta tabarau. Abba, ni ba na sa tabarau. Haka na fito na bar aikin. In na je asibiti aka ba ni fom, sai in ce hannuna na ciwo." Ya saci kallona. "Ko saƙon da nake tura wa ita Yayar, biya nake a rubuta min. In an buɗe wa yaro ƙofar fita, a bar masa ta komawa a buɗe. Ni tawa rufewa aka yi."

Umma ta goge ido da bakin mayafi. Ni kuwa ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba, kuma babu wanda ya rubuta masa ita.

Ya juya wajen Auta. "Ke kuma ƙanwata, ni hannu gare ni, shi ya cece ni. Ke mece ce sana'arki?"

Na ce, "Ai ka san ta. Ita ce Mai Kalamai."

Jama'a, da kun ga fuskarsa! Ya kalli Auta, ya kalli ƙofa kamar mai auna ko zai kai kafin a kama shi. "Ke ce... Innalillahi. Har wanda na ce a sa maganar..."

"Har shi," in ji Auta. "Kar ka damu, ina riƙe sirrin kwastoma."

Dole aka yi wa Abba bayani. Ya miƙo hannu, na ba shi wayata ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya gyara tabarau ya shiga karanta saƙonnin soyayyata ɗaya bayan ɗaya, a gaban uwata da ƙanwata da saurayina. Can ya ɗago.

"Ke kika rubuta wannan?"

"E, Abba."

"Nan kin bar waƙafi. Nan kuma 'zuciyata' a haɗe ake rubutawa." Ya ƙara karantawa, na ga gefen bakinsa na motsi yana dannewa. "Amma siffantawar ba laifi. Wa ya koya miki?"

"Malamar adabi."

"A ina?"

Auta ta kawar da kai.

"A ina, na ce?"

"A makaranta," ta faɗa ciki-ciki.

"Ban ji ba."

"A makaranta, Abba!"

Na ɗauka an gama da ita, ashe ban san ƙanwata ba. Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Na yarda zan gama. Amma da sharaɗi. Tunda ya ce ƙofar komawa yake so, to ya koma. Ya yi rajistar jarrabawa daga waje, mu zauna tare baɗi. In ya fasa, na fasa."

Duk muka zuba masa ido. Ya share gumi. "Ni da rabona da aji shekara goma sha huɗu?"

"Au, kai ma tsoro kake ji?"

Ya kalle ni. Na san abin da idona ya ce masa. Ya sauke numfashi. "Na yarda."

"Madalla," in ji Abba, har da tafa hannu sau ɗaya. "Ni ma ga nawa. Ba za a yi maganar sa rana ba sai sakamako ya fito. Ina son kiredit biyar, har da lissafi."

"Abba!" na ce. "Lissafi fa? Ni kaina sai da na maimaita!"

"Shi ya sa na tanadi malami. Tun jiya na yi waya, don na san ko ta wace hanya aka bi, wani a gidan nan zai buƙaci darasi." Ya ɗaga murya wajen ƙofa. "Malam, shigo mana, ka daɗe a tsaye."

Aka ɗaga labule. Wani dogo ya shigo cikin kwat ruwan ƙasa, da jaka a hannu da biro uku a aljihun gaba, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ɗan aminin Abba ne, malamin lissafi, wanda sau biyu yana aiko min da maganar aure a shekarun baya ina cewa karatu nake. Ga shi yanzu zai riƙa zuwa gidanmu sau uku a sati, kuma aurena na hannun alƙalaminsa.

Ya gaida Abba, ya miƙa wa Mai Kujera hannu yana murmushi har kunne. "Kai ne ɗalibin nawa? Kar ka damu, a hankali za mu bi. Ko shekara biyar za ta ɗauka, ni ba na gaggawa."

Sannan ya juyo ya kalle ni, ya ɗan rusuna.

Auta ta matso ta kama gefen mayafina, ta kai baki kunnena.

"Yaya, kar ki yi ihu. Wannan ma kwastomana ne. Shekaranjiya ya yi odar saƙo goma sha biyu."

Na ce cikin raɗa, "To ina ruwana?"

"Sunanki ya ba ni in sa a sama."